Neman shawara: ƙanena na rubuta sharhin gem, yaya zan gyara masa ba tare da na sanyaya masa gwiwa ba?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da ƙane da ya gama sakandare, yana zaman jiran sakamako, sai ya fara rubuta sharhin wasannin gem da Hausa yana sakawa a Facebook. Abin ya faranta mini rai ƙwarai, domin mu da muka taso a gidajen gem ba mu samu mai yi mana bayanin wasa da harshenmu ba. Ya turo mini sharhinsa na eFootball, da na Free Fire, da na God of War na 2018, ya ce, "Yaya, ka faɗa mini gaskiya."

To gaskiyar ce ta tsaya mini a wuya. Kowane wasa maki 10 cikin 10 yake ba shi. A na God of War ya kwashe labarin Kratos da ɗansa Atreus tun daga farko har ƙarshe, bai rage wa mai karatu komai ba. A na eFootball, wato wasan ƙwallon ƙafa, rabin rubutun zagin masu buga kishiyarsa FC ne. Abin da ya fi damuna, akwai wuraren da ka karanta ka san ba bakinsa ba ne, maganar Turawan YouTube ce ya juyo ta. Kwanaki wani ya rubuta masa "ka koma makaranta" a ƙarƙashin rubutunsa, sai da ya daɗe bai sake saka komai ba. Ba na son in zama na biyu. Ta ina zan fara?

Mai Gidan Gem: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, fara da tambayarsa abu ɗaya: a kan me ya buga? Yaran da ke zuwa shagona, kafin su sauke wasa a waya ba sa tambayar kyan hoto. Tambayarsu ita ce, zai hau Tecno ko Infinix ɗina? Data nawa zai ci? Yana kamewa idan sabis ya yi rauni? Waya na ɗaukar zafi? Caji na jurewa? Baturen da ke sharhi da na'urar gem ta PS5 da intanet mai gudu da wutar da ba a ɗaukewa ba zai amsa musu ko ɗaya ba. Ƙaninka zai iya, kuma nan ne darajar rubutunsa take.

Ɗauki Free Fire. Garena ta fitar da shi a 2017, mutum 50 ake zubawa a fili, wasa ɗaya kamar minti 10, kuma an gina shi ne don ya yi aiki a ƙananan wayoyi. PUBG Mobile mutum 100 ne, wasansa ya fi tsawo, ya fi nauyi. Wannan ne dalilin da ya sa yaro mai waya mai RAM 2GB yake manne wa Free Fire. Idan sharhinsa bai taɓo wannan ba, ka nuna masa. Ya riƙa rubuta sunan wayarsa da RAM ɗinta a layin farko, ko ya ce a PS4 na gidan gem ya buga.

Malamar Hausa: Malam, kada ka juye masa duka a zama ɗaya. Ɗalibin da aka mayar wa takarda ta yi jajawur da biro, makin kawai yake dubawa ya ninke ta. Zaɓi abu biyu, sauran ka ajiye sai sharhi na gaba.

Sannan yabon da za ka fara da shi ya zama na gaske, mai nuna wuri. "Ka yi ƙoƙari" ba ta koya wa kowa komai, kuma yaro mai wayo ya san share fage ce. Nemo jimlar da ta yi maka daɗi ka karanta masa ita, ka gaya masa abin da ya sa ta yi daɗi. Wajen gyaran kuma ka yi tambaya maimakon yanke hukunci: "Ka ce wasan ya haɗu, wane lokaci ne kana bugawa ka ji haka?" Amsar da zai ba ka da baki, ita ce ya kamata ta kasance a rubuce. Sau da yawa yaranmu sun fi iya bayani a hira, da sun ɗauki waya za su rubuta sai su koma "ya haɗu" da "ba a magana".

Ku yi ta ku biyu, ba a bainar jama'a ba. Batun ƙa'idojin rubutu, irin su ɓ da ɗ da ƙ da raba kalmomi, yana da muhimmanci a wurina fiye da kowa a nan, amma ka bar shi sai ƙarshe.

Ɗan Damagaram: Ina tare da Malama, sai dai kuskuren bayani ba ya jira. Ra'ayi nasa ne, in ya ce eFootball ya fi FC ba ruwanka. Amma in ya rubuta abin da ba haka yake ba, gyara masa nan take. Na sha ganin masu sharhi suna haɗa kamfanonin biyu. Konami ce ta riƙa yin wasan ƙwallon PES, ta sauya masa suna zuwa eFootball a 2021 ta mayar da shi kyauta. EA ce ta riƙa yin wasan FIFA tun daga 1993, da suka rabu da hukumar ƙwallon ta duniya sai ta fitar da FC 24 a 2023.

Kuma maimakon zagin masu FC, akwai abin faɗa na gaske. EA ke riƙe da lasisin gasar Firimiya ta Ingila, shi ya sa a tsohon PES za ka ga Man Blue a madadin Manchester City, da London FC a madadin Chelsea. Wani wannan kaɗai ya ishe shi ya bar wasan, wani kuma bai damu ba muddin ƙwallon na tafiya yadda yake so. Ya shimfiɗa wa mai karatu wannan, ya bar shi ya zaɓa.

Abu na ƙarshe, ya riƙa sa ranar da ya buga. Wasannin yanzu sauyawa suke yi. eFootball da ya fito a Satumbar 2021 ya sha suka sosai saboda kurakurai, fuskokin 'yan wasa har abin dariya suka zama, daga baya aka yi ta gyara shi. Cyberpunk 2077 ma a Disambar 2020 sai da Sony ta cire shi daga shagonta na PlayStation saboda kurakurai, bai koma ba sai tsakiyar 2021. Wanda ya karanta sharhin wancan lokacin yau ba tare da kwanan wata ba, an ɓatar da shi.

Tsohon Ɗan PES: Ku yi haƙuri, ni ban yarda a ajiye maganar kwafi zuwa gaba ba. Duk sauran rashin gogewa ne, lokaci zai gyara. Ɗaukar maganar wani ka fassara ka ce taka ce, wannan hali ne, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ranar da wani ya gano ya ɗora bidiyon asalin a ƙarƙashin rubutunsa, kunyar da zai ji ta fi duk abin da kai za ka faɗa masa a ɗaki. Kai yayansa ne, kai ya kamata ya fara jin ta daga bakinka. Ka ce masa ba laifi ya kalli sharhin wasu, amma in ya ɗauko ya ambaci mai maganar, sannan ya faɗi ko shi ma haka ya gani a tasa wayar. In abu biyu Malama ta ce a zaɓa, wannan ne na ɗaya.

Malamar Hausa: Na karɓi wannan gyaran, Malam. Sai dai a kira aikin da sunansa, kada a kira yaron ɓarawo.

Uwar Samari: Ni ba na buga komai, amma ni ke biyan kuɗin data a gidana, don haka ina karanta irin waɗannan rubuce-rubucen. Don Allah ka roƙa mini shi ya riƙa faɗin shekarun da wasa ya dace da su. God of War da GTA V duk na 'yan shekara 18 ne a ma'aunin Turai, amma yara ƙanana na buga su iyaye ba su sani ba. Ya kuma faɗi inda wasan "kyauta" ke neman kuɗi. Diamond na Free Fire da coins na eFootball sun sha haɗa ni rigima da 'ya'yana. Mai sharhin da zai gaya mini wannan, zan bi shi, zan kuma tura wa ƙawayena.

Mai neman shawara: Allah ya saka da alheri, na ƙaru. Hajiya, saƙonki zai isa. Saura batun maki da na tona labari, in ce ya daina ba da maki gaba ɗaya?

Ɗan Damagaram: Kada ka hana shi, ka sa ya kare makin. Tambaye shi wane wasa ne ya taɓa bugawa ya ji haushi, nawa zai ba shi? In ya ce 4, to me ya raba 4 da 10? Daga nan zai gane cewa in kowa 10 ne, makin bai faɗi komai ba. In abin ya yi masa wuya ya bi tsarin Steam, shagon intanet na sayar da gem ɗin kwamfuta, inda mai sharhi ke zaɓar ko yana ba da shawarar a buga ko a'a, kuma ana nuna awannin da ya yi yana bugawa. Shi ma ya rubuta "sauke shi" ko "kada ka ɓata datarka", da tsawon lokacin da ya yi a kai.

Labari kuma ya tsaya a mafarinsa. A God of War ya isa ya ce uba da ɗa ne suka ɗauki tokar mahaifiyar yaron za su kai ƙololuwar dutse mafi tsayi. In dole sai ya tattauna ƙarshen, ya sa gargaɗi a sama da manyan baƙaƙe, ya bar tazara kafin ya ci gaba.

Mai Gidan Gem: In ya gyara na eFootball ɗin ka turo mini ta akwatin sirri. Zan ba yaran shagona su karanta, duk tambayar da suka yi wadda sharhin bai amsa ba zan rubuto maka ita ka kai masa.