Baba yana karanta allon gwajin ido tsaf, amma yana goga mota ta hagu

Ɗan Alhaji:
Assalamu alaikum. Mahaifinmu, shekarunsa 71, ya samu shanyewar ɓarin jiki wata biyar da suka wuce. Alhamdu lillahi hannu da ƙafa sun dawo. An auna masa ido, ya karanta allo har layin ƙasa. Sai dai sau biyu ke nan yana goga gefen hagun mota a bakin get, kafaɗarsa ta hagu kuma tana yawan bugun ƙofa. Shi ya ce idonsa garau. Mu bar masa makulli ko kuwa?

Likitan Ido:
Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara wa Baba lafiya. A ajiye makullin nan tukuna.

Allon da ya karanta kaifin gani na tsakiya kawai yake aunawa. Abin da nake ji masa tsoro faɗin gani ne. Ido ɗauko hoto yake yi, ɓangaren ƙwaƙwalwa da ke wajen ƙeya shi ke gani. Jijiyoyin kuma giciye suke yi: ɓangaren dama na ƙwaƙwalwa ke karɓar duk abin da ke hagun mutum, daga idanun biyu. In jini ya toshe a wurin, rabin hagu ya tafi a kowane ido, shi ya sa sauya tabarau ba ya magani. Mai lafiya yana ganin kusan digiri 180 daga gefe zuwa gefe, mai wannan larura saura masa kusan 90. Ba duhu yake gani ba, wurin ne babu shi kwata-kwata, kamar yadda kai ba ka ganin bayanka amma ba ka jin ka rasa komai. Don haka in ya ce idonsa garau, ba musu yake yi ba.

Ku gwada a gida. Ka zauna gabansa, tazarar mita ɗaya, ya rufe ido ɗaya ya kafa ɗayan a hancinka. Ka riƙa shigo da yatsa a hankali daga waje: sama-dama, ƙasa-dama, sama-hagu, ƙasa-hagu, ya faɗa da zarar ya gan shi. Ka lura kada ƙwayar idonsa ta bi yatsan, nan ake yawan kuskure. Wannan manuniya ce kawai, ƙaramin giɓi yakan tsallake. Ainihin gwajin na na'ura ne, irin Humphrey, wadda ake sa haɓa a kai ana danna maɓalli in ɗigon haske ya bayyana. Ku nemi gwajin faɗin gani da sunansa a babban asibitin ido, kamar Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, ku tafi da hoton ƙwaƙwalwar da aka ɗauka masa. Galibin abin da zai dawo da kansa cikin wata uku na farko yake dawowa, bayan wata shida da wuya a ga canji mai yawa.

Mai Gashin Ƙashi:
Ƙari a kan bayanin Likita. Ku duba ko yana barin rabin tuwon hagun kwano, ko yana aske gefe ɗaya na gemu. Ku ba shi takarda ya zana agogo. In ya cunkushe lambobin duka a dama, to akwai wata matsala ta biyu: ƙwaƙwalwa ta daina kula da hagu gaba ɗaya. Wannan ta fi muni, don mai ita ba ya ma tunanin waiwayawa, kuma bai kamata ya yi tuƙi ba sam.

A titinmu da ake tafiya ta dama, hagu nan ne motocin da ke fuskantarka suke, nan ɗan acaba ke wuce ka, a shataletale ma daga hagu ake shigo maka. A gudun kilomita 50 a awa mota tana cin kusan mita 14 a daƙiƙa ɗaya. Dattijon da wuyansa ya yi tauri, kafin ya juya ya duba ya taka birki, aikin gama ya gama. Ana koyar da jefa ido da sauri zuwa gefen da ya mutu, minti 20 zuwa 30 kullum na wasu makonni. Akwai kuma gilashin da ake mannawa a tabarau mai karkato haske, yana ƙara kamar digiri 20. Duka suna taimakon tafiya a kasuwa da tsallaka titi, amma ba su mayar da ganin da ya tafi. Karatun Alƙur'ani ma zai yi masa nauyi tunda rubutun zuwa hagu yake tafiya. Ya riƙa bin layi da yatsa.

Malamar Jinya:
Ɗan'uwa, ga ma'aunin da za ku iya riƙewa. A Birtaniya, kafin a bar mutum ya yi tuƙi, ana buƙatar aƙalla digiri 120 na faɗin gani, kada kowane gefe ya gaza 50, ba tare da giɓi mai yawa a digiri 20 na tsakiya ba. Wanda ya rasa rabi ba ya cika wannan. Sai larurar ta shekara ɗaya ba ta ƙaru ba ake iya duba batunsa, a gwada shi a titi tare da ƙwararre. A duba masa yanar ido da hawan jinin ido, a kuma tambayi likita batun farfaɗiya, don takan biyo bayan irin wannan ciwo.

Kada ku ɗauke makulli a ɓoye, zai ji an raina shi. Ku bari likita ya nuna masa takardar gwajin, ya ga rabin da ya yi baƙi da idonsa. Sannan ku tsara wanda zai kai shi masallaci, kasuwa da zumunci a motarsa, shi yana zaune a gaba.