Masu aiki daga gida, da me kuke shiga sabar ofis?

Ɗan Kwari:
Assalamu alaikum jama'a. Ni ke kula da kwamfutocin wani ɗan kamfanin rarraba kaya a nan Kano, mu goma sha huɗu ne duka, saba ɗaya muke da ita a ofis mai Windows Server, wato babbar kwamfutar da sauran ke jonuwa da ita, a cikinta manhajar lissafi take da fayilolin sito. To tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin mota ya addabi mutane, akantarmu ma daga Gezawa take zuwa kullum, shi ne oga ya ce mutum huɗu su riƙa aiki daga gida kwana biyu a sati, ni kuma in san yadda za su shiga sabar. Wani ya ce AnyDesk, wani ya ce TeamViewer, manhajojin sarrafa kwamfuta daga nesa, wani ya ce in yi VPN, wato keɓaɓɓiyar hanya mai tsaro daga gida zuwa ofis ta intanet, kaina ya ɗaure. Don Allah wanda ya taɓa yi da hannunsa ya faɗa mana yadda ta kaya, ba wanda ya gani a YouTube ba.

Injiniyan Tudun Wada:
Wa'alaikumus salam. Malam kafin zancen manhaja, wane irin intanet ne a ofishin? Don ni nan na fara faɗuwa. Kwana uku na yi ina fama da rauta, wato na'urar da ke raba intanet, a ofishinmu, na buɗe ƙofar shigowa daga waje (port) na rufe, na sake saiti ya fi sau goma, har na fara zargin rautar ce ta lalace, ashe layin na sim ne kuma irin waɗannan layukan yawanci suna bayan abin da ake kira CGNAT, wato ku da yawa kuke raba adireshin intanet (IP) guda, na waje ba shi da hanyar da zai ƙwanƙwasa maka ƙofa kai tsaye. Starlink ma ta gida haka take. Gwajin ba wuya, ka duba IP ɗin da rautarka ta samu ka kwatanta da wanda intanet ke nuna maka, in sun bambanta, musamman in na rautar ya fara da 100.64 ko kusa da haka, to ka haƙura da buɗe ƙofa. Ko ka biya a ba ka IP naka na dindindin, ko ka yi abin da na yi, na sa Tailscale, wata manhajar VPN, a sabar da laftof ɗin kowa. A kan fasahar VPN ta WireGuard aka gina ta kuma ita ke nemo hanya ta haɗa su ba sai ka taɓa rauta ba. Sai dai ka karanta sharaɗinsu, na kyautar don amfanin kai ne.

Baban Khalifa:
Ni abu ɗaya zan roƙe ka ɗan'uwa, ko da ka samu IP ɗin, kada ka kuskura ka buɗe ƙofa mai lamba 3389 ga duniya, wato ta Remote Desktop, hanyar Windows ta shiga kwamfuta daga nesa. Lokacin kullen korona a 2020 ina aiki a wani ofis a Kaduna, cikin gaggawa muka buɗe ƙofar Remote Desktop a rauta don mutane su shiga daga gida, lambar sirrin admin kuwa sunan kamfani ne da 123 a ƙarshe, wallahi har yanzu in na tuna kunya nake ji. Aiki ya tafi lafiya lau kusan wata biyu kowa na yaba min. Wata Litinin da safe aka kira ni wai fayil ba ya buɗuwa, ina shiga na ga duk sunayen fayiloli sun canza, ga wata takarda da Turanci a kan sikirin ana neman Bitcoin. Da na duba rajistar shiga daga baya sai na ga dare da rana ake ta gwada lambobin sirri, ba ma mutum ba ne zaune, na'urori ne ke zagaya intanet suna laluben wannan ƙofar. Abin da ya fi ƙona min rai, faifan da muke kwafin ajiya a kai yana maƙale a jikin sabar, shi ma aka haɗa da shi. Wani tsohon kwafi na watan Janairu da na manta a durowa shi ya cece mu, sauran kuma da rasit-rasit aka sake shigarwa, sati uku ana yi. Ba mu biya ba. Laifina ne ba na kowa ba. Yanzu sai ka shiga VPN tukuna kafin ma ka ga sabar, kuma kowa da sunansa da lambarsa, babu aron na wani.

Maman Ikram:
Bari in yi magana ta ɓangaren mu masu amfani, don ku masu IT wani lokacin ba kwa tambayarmu. Ni akanta ce a Abuja. Farko TeamViewer na kyauta yaron ofis ya saka mana, ana cikin aiki sai ta yanke ta ce ta ga alamar aikin kasuwanci ne, kuma gaskiyarta ce, na kyautar ai ba don kamfani aka yi ba, mu ne muka so banza. Amma ba wannan ne ya fi damuna ba. Irin waɗannan manhajojin sikirin ɗin kwamfutar ofis kake jan akalarsa daga gida, to duk wanda ke wucewa yana ganin abin da kake yi, ranar nan ina shirya albashi ashe masinja na tsaye yana kallon maus na yawo shi kaɗai, har ya karanta na kowa. Kuma mutum ɗaya ne a lokaci guda, in abokiyar aikina ta shiga sai mu yi ta kokawa da maus kamar yara.

Daga nan aka koma VPN zalla, manhajar tana laftof ɗina fayil ɗin yana ofis. Kai jama'a. Rahoton da nake fitarwa kafin in kurɓi shayi sai da na ɗora girki na sauke bai gama ba, rannan kuma sabis ya ɗauke ina tsakiyar ajiyewa fayil ɗin ya ƙi buɗuwa sai da aka gyara. Sai da aka haɗa biyun, VPN sannan Remote Desktop a cikinsa, na samu lafiya, don aikin a can ofis yake gudana hoto kawai ke zuwa min, ko sabis ya yanke in na dawo ina tarar da komai inda na bari. Data ma ba ya ci sosai in ba bidiyo ka buɗe ba.

Injiniyan Tudun Wada:
Hajiya ta faɗi gaskiya. Amma Malam ka lura, Windows Server mutum biyu kawai take bari su shiga ta Remote Desktop a lokaci ɗaya, su ma don kula da sabar ne, mutum huɗu sai ka kunna RDS, sashen da ke barin mutane da yawa su shiga tare, ka sayi lasisin shiga da ake kira CAL na kowane mutum. In kuɗin ya yi wa oga nauyi kowa ya shiga kwamfutar teburinsa, amma sai ta zama Windows Pro, Home ba ta karɓar Remote Desktop.

Ɗan Maraɗi:
Sannunku da aiki. Duk kun manta da babban, wuta. Mu nan a watan Agusta 2023 da Najeriya ta yanke mana lantarki bayan juyin mulki, tsarinmu na WireGuard a kan rautar MikroTik bai taɓa yin tari ba, amma me za ka shiga in sabar a mace take? Batir ya ƙare da dare, da safe rana ta fito sola ta kawo, rauta ta tashi, sabar kuwa tana kwance tana jiran a danna mata maɓalli, mai gadi kuma makullin ɗakin ba ya hannunsa. Sau uku ina hawa babur don danna maɓalli ɗaya. Daga baya wani dattijo mai gyara ya nuna min a BIOS, wato saitin da ake shiga in an kunna kwamfuta kafin Windows ta tashi, akwai wurin da za ka ce in wuta ta dawo ta kunna kanta, minti biyu aka yi an gama. Ka sa rautar da sabar a kan inbata ɗaya, kuma ka ajiye layi na biyu na wani kamfani daban.

Yaro Mai Linux:
Ni AnyDesk ina amfani da ita wajen gyara wa ma'aikaci laftof daga nesa, a nan tana da daɗi ko sabis ba ƙarfi. Amma ban barin ta a kan saba da saitin da ake shiga ba sai wani ya danna amincewa ba. Su kansu a Fabrairun 2024 sun sanar an kutsa musu, suka sa kowa ya canza lambar sirri ya sabunta. Kuma ku gargaɗi ma'aikata, 'yan damfara na kira su ce daga banki ne a saka irin wannan manhaja a karanto musu lamba. Mai son ya riƙe abinsa da kansa akwai RustDesk, za ka iya kafa sabarta a wajenka.

Ɗan Kwari:
Allah ya saka da alheri, na gode ƙwarai. Yallaɓai Injiniya na duba, 100.72 rautar ke nunawa, ashe da na ɓata satina a banza. Na gwada Tailscale da Remote Desktop jiya da akantarmu, daga Gezawa ta shiga kwamfutar teburinta, ta ce kamar tana ofis, sai dai firinta, ta danna bugawa takardar ta fito a ofis ita tana gida, wannan gobe zan duba. Baban Khalifa na cire faifan ajiyar daga jikin sabar tun da na karanta naka, yana jakata yanzu haka. Biyu daga cikin kwamfutocin Home ne sai an ɗaga su. Ɗan Maraɗi don Allah a wane shafi na BIOS ka samu abin nan, tamu HP ce tsohuwa na leƙa ban gani ba.