Don Allah ku taimaka, kwamfutata ta ƙi ɗaukar murya

Maman Khalil: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Mahaifina idonsa ya yi rauni, shi ya sa shekara biyu ke nan nake karanta masa littattafai, in naɗa a manhajar ɗaukar murya ta Audacity in tura masa a waya. Kullum da dare sai ya saurara, in bai ga sabo ba ya kira ni. Yayata ta ce in ba wani ya riƙa yi, na ce a'a, muryata yake so. To tun da na fara amfani da makirufon a manhajar taron aiki komai ya dagule. Wani lokaci Audacity ya rubuto min lambar kuskure -9997 ya ƙi fara ɗauka, in kuma ya ɗauka sai muryata ta fito da sauri, siririya kamar ta yarinya. Kwana biyar ban tura masa komai ba.

Injiniya Sabo: Wa alaikumus salam Hajiya. Wannan ba ya buƙatar dogon bincike, wata manhaja ce ta riƙe makirufon ita kaɗai. Danna maɓallin Windows da R, ki rubuta mmsys.cpl, ki shiga Recording, ki zaɓi makirufonki, Properties, sai Advanced. Akwai akwatin da ke ba manhaja damar mallake na'urar, ki cire alamarsa. Shi ke nan.

Abu Hafsat: Wane Windows ne? Makirufon na USB ne ko mai fulogi? Ba ki faɗa ba.

Maman Khalil: Baƙi ne, ƙanena ya saya min. Shi ma yana ɗan yin kiɗansa a kwamfutar da manhajar FL Studio.

Injiniya Sabo: Ai ga ɓarawon nan! Masu kiɗa suna saka ASIO4ALL, wani ɗan shiri mai haɗa manhajar kiɗa da na'urar sauti, shi kuwa in ya kama na'urar sauti ba ya sakinta sai an rufe manhajar. Cire shi za ki yi.

Maman Khalil: Gaskiya ba zan taɓa kayan yaron nan ba, da su yake neman abin kansa. Kuma yana rufewa kafin ya ba ni.

Ummi B.: Da izininka Injiniya, lambar da ta kawo fa ba wannan take nufi ba. -9997 na nufin adadin ɗaukar sauti, wato sau nawa ake ɗaukar sautin a kowace daƙiƙa, bai yi daidai ba. Anti, a wancan shafin na Advanced ɗin duba ko 48000 Hz aka sa, sannan ki duba na Audacity, galibi 44100 yake. Ki mayar da su ɗaya. Saurin muryar ma daga nan yake: abin da aka ɗauka a 44100 in aka kunna shi a matsayin 48000 zai ƙara sauri da kusan kashi 9 cikin ɗari.

Injiniya Sabo: Shekara nawa ina wannan aiki, Ummi. Wa ya sauya adadin tun farko in ba waccan manhajar ba?

Ɗan Baba: Ni dai kada ki kai wa mai gyara. Na kai tawa kan ƙarar fanka kawai, ya goge min komai, har hotunan aurena. Har yau matata ba ta huce ba.

Abu Hafsat: Allah Ya kyauta. Ni ma makirufon da na saya wata uku ya yi ya mutu, kamfanin ko amsa saƙo ba su yi ba. Hajiya ki naɗa da wayarki mana, ki huta.

Maman Khalil: Wayar tana kwaso hayaniyar yara, Baba kuma kunnensa ba kamar da ba. Ummi, na duba, na Windows 48000 ne. Amma ina tsoron canzawa kada taron aiki ya lalace, gobe da safe muna da shi.

Ummi B.: To bar na Windows yadda yake, na Audacity za ki mayar 48000. Ki kuma duba wurin Host a Audacity, wato hanyar da yake bi ya karɓi sauti daga Windows, in kan WASAPI yake ki gwada MME.

Injiniya Sabo: Matsalar za ta dawo. Ku rubuta ku ajiye.

Maman Khalil: Na sa MME, lambar ta daina fitowa, amma yanzu layi ne miƙaƙƙe, babu murya ko kaɗan. Ga Baba nan yana kira, bari in ɗaga.