Wa ke huda 'yan katantanwar bakin teku ne don Allah?

mai_yawo:
Salam 'yan uwa. Na je bakin teku na tsinci 'yan ƙananan katantanwa, wasu ko ƙwayar wake ba su kai ba, amma abin da ya ɗaure min kai da yawansu akwai 'yar huda zagayayya tsaf a jiki kamar da inji aka yi. Ruwa ne ke cinsu haka ko mutane ne? Sannan waɗanda na gani manne a duwatsu cikin rana bayan ruwa ya janye, ya aka yi ba sa mutuwa?

tsohon_masunci:
Wa'alaikumus salam ɗan uwa, ba ruwa ba ne, ɗan uwansu ne ya yi musu aika-aika. Akwai wani dodon koɗi da ke ɓuya cikin yashi, in ya kama ƙarami sai ya lulluɓe shi da ƙafarsa ya zuba masa wani sinadari mai asid da ke tausasa bawon, dama bawon kalsiyam ne irin na alli, daga nan ya yi ta goga da harshensa mai ƙananan haƙora kamar magagari, aikin sai ya ci awanni wallahi kafin ya ɓula ya cinye naman. Duk wadda ka gani da wannan hudar mai ita ba mutuwar Allah da Annabi ya yi ba.

yar_kimiyya:
Na duwatsun kuma suna da ɗan murfi a ƙafa, da ruwa ya janye sai su shige ciki su rufe ƙofa da sauran danshi a ciki, su manne bakin bawon a dutse da yauƙi. A yawancin gaɓoɓi sau 2 a rana ruwa ke janyewa ya dawo, jira kawai suke. Wata irin katantanwa mai suna Littorina littorea ta arewacin tekun Atlantika gwana ce a wannan.

malam_shiru:
Ni roƙo zan yi ɗan uwa, kar ka kwashe su da yawa. Akwai 'yan ƙaguwa masu laushin ciki da ba sa iya yin bawo nasu, waɗannan fankon su ne gidajensu, in sun girma sai sun nemi wanda ya fi. Kuma in ka ga mai siffar mazurari da zane mai kyau a ruwan ɗumi kar ka taɓa ta da rai, tana harbi da dafi, wata irinta mai suna Conus geographus ta kashe mutane.

mai_yawo:
Ikon Allah! Na gode ƙwarai, ɗaya ma ta motsa a hannuna na yar da ita a tsorace, ashe ƙaguwa ce a ciki.