Tsohuwar filas a kan kyamarar zamani

Auwalu Fagge: Salamu alaikum manya. Na tsinci tsohuwar filas, Vivitar 283, cikin kayan Baba na zamanin fim. Na sa mata batir, ta yi ƙarar nan tata, fitila ta kawo. Ina da kamu ranar Asabar, in ɗora ta kan Canon ɗina?

Oga Tijjani: Wa alaikumus salam. Kada ka ɗora tukuna.

Baban Ilham: Auwalu, ji Oga. Bara yarona ya sayo wata a wurin masu gwanjo, mai kayan har da rantsuwa wai ba kyamarar da ba ta hawa. Ranar farko lafiya lau. A wurin dina, ana tsakiyar liƙi, haske ya ɗauke. Kyamara na ɗauka, amma ko wace filas ka ɗora mata shiru, har sabuwa. Mai gyara ya buɗe ya ce abin da ke ba filas umarni ne ya ƙone. Ga kuɗin gyara, ga uwar amarya na kirana kamar na ci bashinta. Abin da mutane ba su gane ba, a kyamarar zamanin da, ƙarfe biyu ne ke haɗuwa su kunna filas, ko wuta nawa ce ba ruwansu. Ta yanzu kuwa ɗan ƙaramin taransisto ne, wutar filas in ta yi yawa sai ta ƙone shi. Kuma ba lallai ta mutu nan take ba, tana iya cin ta a hankali kana ta murna ka samu araha.

Sadiya Zoo Road: Allah ya mayar da alheri.

Malam Habu mai gyara: Ita 283 ba iri ɗaya ba ce. Na farko-farko da aka yi a Japan kan haura bolt 200 a ƙafarsu, na baya kuma wasu ba su fi goma da ɗoriya ba, alhali suna ɗaya, kama ɗaya. Awo kawai zai raba gardama. Samu mita mai lamba, ba mai allura ba, don mai allura takan nuna ƙasa da gaskiya. Juya ta kan DC, kunna filas har fitila ta kawo, jar waya kan tsinin tsakiya, baƙa kan ƙarfen gefen ƙafar. Ƙa'idar duniya ta ISO 10330 ta ce kyamara ta iya jure bolt 24. Nikon sun rubuta 250 a littafinsu. Tsofaffin Canon irin su 10D da 300D kuwa a 6 ake tsayawa. Wacce ce taka?

Nura Gwammaja: Kun ji ko? Mu 'yan Nikon ko a jikinmu 😂

Oga Tijjani: Kai da ka zo aron kyamarata ranar Hawan Daushe?

Nura Gwammaja: Batir ne ya ƙare, Oga, a bar tone-tone.

Sadiya Zoo Road: Ni fa ba na ɗora su kai tsaye. Ina kafa ta gefe da ɗan abin nan da ke kunna ta in ya ga hasken wata filas. Illarsa a biki, duk wanda ya haska tasa sai taka ta tashi.

Malam Habu mai gyara: Gaskiyarki, Hajiya. Akwai kuma Wein Safe-Sync da ake sawa tsakani, yana sauko da wutar ƙasa da bolt 6. Tiriga ta rediyo, mai kunna filas daga nesa, ma tana yi, amma ita ma da iyakarta, a duba. Kuma don Allah kada wani ya kwance filas da sukundireba. Kondensar ciki, wato abin da ke tara wutar, na riƙe bolt wajen 300 ko an cire batir.

Baban Ilham: Ko ta hau lafiya ma, TTL babu, wato kyamara ba za ta auna mata haske da kanta ba. Da hannu zai saita, kuma kada saurin shata ya wuce 1/200, in ba haka ba baƙin layi ya yanke hoton.

Nura Gwammaja: Wai ba gara ya haɗa kuɗi ya sayi sabuwar filas ta Godox ya huta ba?

Auwalu Fagge: Kuɗin kai za ka ba ni? Malam Habu, 600D ce. Gobe bayan azahar kana shago?

Malam Habu mai gyara: Ina nan. Taho da batir masu caji sosai.

Oga Tijjani: Tunda an taru, waɗanda ba su biya kuɗin wata ba ina jira. Nura, da kai nake.