Neman kalma: me za mu kira "panel" da "gutter" a sharhin labarin zane?

Mai Tawada: Salamu alaikum 'yan uwa. A Amurka duk Laraba sababbin littattafan labarin zane ke shiga shaguna, yawanci labarin shafi 20 zuwa 22. Mai sharhi dole ya ambaci yankunan da aka raba shafi da su (panel), da farin filin da ke tsakaninsu (gutter). "Akwati" ake ta rubutawa. Ya wadatar?

Malamar Hausa: Wa alaikumus salam. Malam, akwati bai wadatar ba. Akwai ƙaramin murabba'in da ake zuba maganar mai ba da labari a ciki, shi ya fi dacewa da wannan suna. In an kira duka biyun akwati, mai karatu zai rikice. Ina ba da shawarar "gida". Haka malamai ke kiran kowane yanki na hatimi, haka 'yan dara ke kiran ramukansu. Sai a ce shafi mai gida tara, uku a tsaye uku a kwance.

Ɗan Zinder: Malama, in an zana gidan zama a cikin gidan fa?

Malamar Hausa: A ambaton farko a ce "gidan zane", daga nan "gida" ya isa.

Mai Fensir: Na goyi baya. Farin filin kuma kada a ce kwata, wato fassarar "gutter" kai tsaye, babu abin da ake zubarwa a can. A ce "lungu", tunda tsakanin gidaje yake. A nan lokaci ke wucewa: gida na farko an ɗaga takobi, na biyu mutum a ƙasa, saran kuwa mai karatu ne ya yi shi a ransa cikin lungun. In ya yi faɗi, ido ya ɗauka an jima; in ya matse, abin nan take ne. Inda masu zane ke kuskurewa shi ne jera gida biyu, ɗaya bisa ɗaya, a hagu, sannan dogo guda a dama. Ido ba ya sanin ko ya sauka ƙasa ko ya tsallaka. Mai sharhi ya rubuta: lungun shafi na 7 ya ɓatar da ido.

Ɗan Zinder: Kuma kalmomin biyu sun dace da manga, wato labarin zane na Japan, da ake bi daga dama zuwa hagu kamar ajami.

Mai Tawada: Madalla. Gida da lungu sun zauna. Saura da'irar da magana ke ciki mai ɗan wutsiya zuwa bakin mai magana. A kawo shawara.