Yang hu: kiwon buta za mu ce ko renon buta?

1/ Jama'a masu shayi, akwai kalmar Sinanci da nake so mu samo mata Hausa: yang hu. Ita ce sunan hidimar da Sinawa ke yi wa butar shayinsu ta yumɓu, wadda ake ginawa a Yixing, lardin Jiangsu, gefen tafkin Taihu, tun zamanin daular Ming (1368–1644).

2/ Yumɓun suna ce masa zisha, wato yashi mai launin shunayya, kodayake a ido ya fi kama da ruwan makuba, kuma akwai ja, akwai mai rawaya-rawaya. A dutsen Huanglong na garin Dingshu aka fi sanin haƙo shi. Ana gasa butar da zafin digiri 1,100 zuwa 1,200, ba a shafa mata ruwan ƙyalli ciki ko waje. Don haka jikinta ƙananan ƙofofi ne da ido ba ya gani, duk abin da ta tarar sai ta sha, ƙamshi ne ko wari.

3/ "Adanawa" ta gaza, don ajiya ce kawai. "Tattali" ya matso kusa, amma tattali hana abu lalacewa ne, alhali mai yang hu so yake butar ta ƙaru, jikinta ya yi santsi da sheƙi bayan shekaru ana dafa shayi ana goge ta da ƙyalle mai laushi.

4/ Saura kiwo da reno. A Sinanci kalmar yang ana faɗinta ga yaro, ana faɗinta ga dabba. To amma kiwo a kunnen Bahaushe yana jan hankali zuwa ga riba da ranar kasuwa. Ni dai reno na zaɓa: renon buta.

5/ Abin da ya sa na dage shi ne, rabin aikin lokacin da butar ke hutawa ake yin sa. Kana gama sha ka kwashe ganyen, kar ya kwana a ciki. Ka ɗauraye da ruwan zafi zalla, ban da sabulu ko omo, don in ta sha ƙamshinsu raba ta da shi wahala ne. Ka cire murfin ka ajiye a gefe, ka bar ta ta sha iska har cikin hancinta ya bushe ƙarau. Wanda ya rufe ta da danshi, ko ya ƙunshe ta a leda, zai buɗe ya tarar da fumfuna da warin ruma.

6/ Wurin ajiya ma sai an zaɓa: inda iska ke shiga, nesa da hayaƙin girki da kayan yaji. Mu da gidajenmu ba sa rabuwa da turaren wuta, nan ne ya kamata a fi kiyayewa. In za ta daɗe a ajiye, a sa 'yar takarda marar ƙamshi tsakanin baki da murfi don kar su riƙa gogar juna. Kuma buta ɗaya, shayi iri ɗaya. Wadda ta saba da puer, wato wani shayin Sinawa mai duhu da ake bari ya tsufa, ba a zuba mata koren shayi.

7/ Ranar da za a dawo da ita aiki, a fara ɗumama ta da ruwa mai ɗumi kafin tafasasshe, musamman da hunturu, saboda jan yumɓun da suke ce wa zhuni yana saurin tsagewa. Wannan mataki kuwa ni "tashin buta" nake ce masa. Mutanen Katsina da Damagaram, in akwai kalmar da ta fi waɗannan zama a bakinku, ku kawo.